Firizan da Jelani Ya Bari

Ban san lokacin da kwanon kunun aya ya suɓuce mini ba. Na dai san na kai hannu na kama murfin firizan, wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har wuya, sai ga ni zaune daɓas a kan siminti, kunu na bin zanena.

"Innalillahi! Sharifa! Zaka ki ga abin da tsinannen ƙarhen ga naki yay yi min!"

Sharifa ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu, cikin shuɗin hijabin da ba ta rabuwa da shi tun da ta shiga takaba. Ta dube ni, ta dubi ƙafata, ta ja bakin hijabin ta rufe baki. Dariya take ɓoyewa, kuma na gani.

"Sannu, Yaya Adama. To ina takalma? Ba a taɓa shi ƙahwa ƙasa, ai kin sani. Ga su nan bakin ƙohwa, don shi anka aje su."

"Yau nih hwara shigowa gidan ga? Da can ɗan tsikari shika yi awa cizon tururuwa. Yau ko hannun yas so ɗaukewa gaba ɗai."

"Zahi na. In ƙasa ta bushe haka shika yi. Bari in ƙara mai ruwa."

Ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗakin, ta bar ni ina murza kafaɗa ina tsine wa ƙarfe.

Sai na gaya muku wane ne Jelani kafin ku gane zancen ruwan nan. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a nan Wurno, ita ma damina ta ci rabinta, har mukan miƙa wa juna gishiri ta sama. Jelani, mijin Sharifa, manomin albasa ne a fadama, amma Allah ya ɗora masa ƙaiƙayin hannu. Ba ya ganin abu mai waya ya wuce. Rediyo, tocila, dutsen guga, duk sai ya buɗe cikinsu ya ga abin da aka ɓoye masa. Bai taɓa zama gaban kowa ya koya ba. Wani gyaran ya yi kyau, wani kuma gyaran gangar Auzinawa. Fankata da ya taɓa karɓa ta dawo tana juyi lafiya lau, sai dai bango take yi wa fifita. Da na yi magana ya ce to in juya ta mana, me ya yi zafi. Ba ya karɓar ko sisi, shi ya sa ba mu da bakin ƙorafi, kuma wallahi mutum ne mai daɗin zama.

Firizan nan a Sakkwato ya sayo shi na hannu, shekarar da albasa ta yi masa kyau. Ƙato ne, mutum biyu sa kwanta ciki. Da aka sauke shi babu ɗakin da ya shiga, sai Jelani ya aje shi a kusurwar tsakar gida ya gina masa ɗaki kewaye da shi, ya bar 'yar ƙofa daidai shigar mutum ɗaya. Na tambaye shi ta ina zai fita ran da ya lalace. Ya ce ran da ya lalace ai ga shi nan. Soket ya ƙone masa sau biyu, sai ya yi fushi ya cire soket ɗin, ya haɗa wayar firiza da wayar gida kai tsaye ya naɗe da salatif can sama kusa da rufi. Ke nan ba makunni, ba makashi. In an kawo wuta ya tashi, in an ɗauke ya kwanta.

Da ya fara jan mutane kuwa, nan Jelani ya nuna mana gwaninta. Ya ɗaura wata waya a jikin firizan, ya huda bango ya fitar da ita baya, ya naɗa ta a wani guntun rodi da ya kafa cikin ƙasa da gawayi da gishiri. Ya ce ita wuta hanyar ƙasa take nema, in ka ba ta hanya ba ruwanta da kai. Amma sai ƙasar tana da danshi. Don haka kullum in ya gama alwalar asuba, sauran ruwan butar na rodin ne. Muka yi ta yi masa tsiya, muna tambaya yaushe shukar tasa za ta yi 'ya'ya. Jan ya ragu dai, ba mu iya musu ba.

Bayan an kwashe shinkafa zazzaɓi ya kwantar da Jelani, bai tashi ba. Ya bar Sharifa da yara uku, babbar ita ce Humaira da ba ta gama firamare ba. Gonar ta koma hannun 'yan'uwansa kafin a raba gado. Abin da ya rage a hannun Sharifa shi ne firizan. Ƙanƙara take ɗaurawa a leda, da zoɓo, 'yan talla su zo da kuloli su ɗiba su kai tasha da fadama. Da shi ake cin tuwo a gidan, ba wani abu bayansa. Ta gaji butar ma, kullum da asuba ina jin ƙarar zubar ruwa a bayan ɗakin.

Ranar da ya kayar da ni, ban bar gidan ba sai da na faɗi abin da ke cikina.

"Ki kira Mode," na ce.

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga goge kunun da ya zube.

"Da ke nika. Ki kira Mode shi zaka shi diba wanga abu kahin shi kashe wani."

"Yaya, takaba nika yi hwa."

"To mi? Hiriza na ka takaba ko ke?"

"In na hita sai a kira shi. Saura kaɗan."

Mode shi ne mai gyaran firij na Achida, shagonsa na bakin tasha. A Sakkwato ya koyi aikin shekara da shekaru, kuma tun daga Rabah har Goronyo in injin sanyi ya ƙi, gare shi ake zuwa. Matsalar ɗaya ce, kowa a unguwarmu ya san ta. Kafin Jelani, Mode ne ya fara neman Sharifa, har manya sun shiga maganar, Allah bai yi ba. Tsohon zance ne, mutumin ya yi aurensa har yana da 'ya'ya. Amma garinmu ba ya mantuwa, abin da ya faru da kakarka ma yana nan an adana maka. Shi ma Jelani har ya mutu bai taɓa kai wa Mode ko tocila ba. In an ambace shi sai ya ce, su masu jaka, ai abin da ke cikin jakar shi ke cikin kansa.

Na gwada wata hanyar. Ɗan ƙanwata da ke Sakkwato ya samo mini wani mai gyara a can. Mutumin ya ce a ɗoro firizan a mota a kawo. Da aka ce masa sai an rushe ɗaki, ya yi dariya ya ce shi ba zai rufe shago ya yini a hanya don firiza ɗaya ba, ai ga Mode nan kusa da mu. Zance ya dawo inda ya taso.

Ana cikin haka Hajiya Mubaraka, yayar Jelani da ke aure a Dinawa, ta zo duba yara. Ni da azarɓaɓina na ɗauka in babba ta sa baki shi ke nan, sai na tayar da maganar a gabanta. Ta aje kofin zoɓon da take sha, wanda daga cikin firizan ya fito.

"Wane Mode?"

"Na Achida, Hajiya. Mai gyara."

"Na san shi ai. Mu duka mun san shi." Ta juya ta ƙare wa Sharifa kallo. "Ƙasak kabarin ƙanena ba ta bushe ba, shi na za a shigo da shi har ƙuryag gida? Abin da Jelani yag gyara da hannunai shekara nawa shina aiki, sai yanzu da yak kau da kai yal lalace?"

"Hajiya, ni yak kayar ƙasa. Ko ni ma Mode yat taɓa biɗa?"

"Ke dai Adama bakinki ba shi da linzami. Ku sa takalma."

Sharifa ta sunkuyar da kai, tana jan carbi da sauri har ina jin ƙarar duwatsun. Bayan Hajiya ta tafi ta ce mini, a hankali, "Kin gani ko?" Na gani, kuma na ji haushin kaina da na Hajiya da na garin baki ɗaya.

Ban haƙura ba. Na sa maigidana, Malam, ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce babu inda addini ya hana mai gyara shiga gidan mai takaba in akwai lalura, ta suturta jikinta, a sami wani babba a wurin, shi ke nan. Ya ma ce barin abin da zai cuci rai shi ne laifi. Na kawo mata wannan da ɗokina kamar na tsinto mata zinari.

"Allah shi saka ma liman," in ji ta. "Amma liman ba shi zuwa suna da biki tare da Hajiya Mubaraka. Ni ka zuwa. Ɗiyana ka tashi cikinsu. In anka ce uwassu tun cikin takaba taj jawo tsohon saurayi gida, wa ka wanke su?"

"In kin mutu wa ka riƙonsu?"

"Haba Yaya, wane irin baki na wanga?"

Ta ji zafin maganar, na gani a idonta. Ni ma na ji, amma ban janye ba.

Da yamma na karɓi wayar Malam na kira Mode da kaina. Na kwatanta masa komai, da salatif da rodi da buta. 

"Inna, ki saurare ni," ya ce. "Injin na yah hwara zubda wuta cikin jikinai. Ba ya raguwa, ƙaruwa shika yi. Ku kashe shi yau, kar ku kai gobe."

"Ba shi da wurin kashewa."

"Subhanallahi. To a samu namiji mai sani shi yanke wayad daga sama, ko ku bari in zaka. Kowace sa'a kunka ce, ina nan tahe. Ba sai ta ganni ba."

Na je na maimaita mata kalma da kalma. Ta nuna mini 'yan tallan da ke tsaye a zaure da kulolinsu. Bazara ce, rana na dukan mutane kamar da gayya, masu cirar albasa na neman ruwan sanyi ido rufe. Ta ce abin da za ta samu a 'yan makonnin nan shi zai kai su damina. In aka yanke wayar yau, gobe me za ta ɗora a murhu?  Gidana ma auna hatsi muke yi da hankali.

Haka muka ci gaba. Ta ƙara wa rodin ruwa, safe da rana da yamma, tana jiƙa gishiri a ciki yadda ta ga marigayi yana yi. Ta shimfiɗa tsohuwar tayar babur da katako a gaban firizan. Ta naɗe hannun murfin da tsumma. Kowace safiya wata sabuwar dabara, kuma kowace safiya in na ji ƙarar murfin nan sai in tsaya in kasa kunne. Na daina kai kununa. Barci ma na rage, ni da ba nawa ba.

Abin da bakina ya kasa, Humaira ce ta yi shi. Wata safiya tana taya uwarta fitar da ƙanƙara, da takalmanta da komai, gwiwar hannunta ta gogi gefen ƙarfen. Ƙararta na ji daga gidana. Kafin in zagayo ta garka, wato ƙofar gida, na iske ta kwance a ƙofar ɗakin, ta ciji harshe, jini na bin haɓarta, jikinta na kakkarwa. Sharifa ta rungume ta tana tofa mata addu'a. Yarinyar ta farfaɗo, ta yi kuka, ta sha ruwa. Ba ta mutu ba, amma mu duka mun ga inda abin ya dosa.

Sharifa ta ɗago kai. "Kira shi, Yaya."

"Hajiya hwa?"

"Ta hwaɗi abin da taka so. Kira shi."

Kafin azahar an gama shiri. Mode yana Goronyo kan wani aiki, ya ce da safe yana nan. Malam zai tare shi a garka ya shigo da shi, ni da Sharifa mu zauna a ƙuryar ɗaki har ya gama. Mode ya ja kunne kada kowa ya kusanci firizan kafin nan. Na ɗauko igiyar guga na ɗaure ƙofar ɗakin da hannuna. Allah ya taimaka ma, ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ce madalla, ta zauna can.

Ina ɗaurin igiyar Sharifa na tsaye bayana.

"Za shi ga aikin nai duka ko?"

"Aikin wa?"

"Mai gidan ga. Da salatif ɗin, da wayag ga ta baya."

"To in bai gani ba mi za shi gyara?"

"Dariya za shi yi." Ta faɗa ne kamar da kanta take. "Shi koma Achida shi ba yaran shagonai labari. A ce ku zo ku ji haukan da Jelani yay yi. Shi ko ba shi nan balle shi rama."

"Shi yi ta dariya har haƙoranai su zube. Mu dai a gyara."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ɗauka irin zancen mai kewa ne.

Bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji motsi a bayan ɗakin firizan. Na leƙa ta karyayyar katanga. Ga Sharifa tsugune wurin rodin, ta share wurin tas, ta kwashe ledoji da kashin awaki, ta zuba sabon gawayi, ƙasar ta jiƙe sharkaf. Gefenta ga filayar Jelani da wuƙa da sabon salatif.

"Sharifa! Mi kika yi nan?"

Ta ɗago, fuskarta da wani haske da rabon in gani tun kafin rasuwar. "Yaya, na gano! Dibi." Ta ɗaga wayar, bakinta ya yi kore ya rududduge. "Gishiri na yac cinye ta, ta rabu da rodin, ƙasa ta ruhe ban gani ba. Shi yas sa shika ja. Ba laihin aikin nai na ba, ni ta ban lura ba. In na kankare na maida, Mode shi ishe shi yadda mai shi yab bash shi."

"Aje wayag ga! Ba ki ji abin da anka ce ba?"

"Babu wuta, Yaya. Tun hantsi anka ɗauke. Kin san in sunka ɗauke haka sai gobe."

"Sun aiko maki da saƙo? Aje, nic ce! Wallahi in zagayo in karɓe hilayag ga."

"To, to. Na aje."

Ta aje kuwa, a gaban idona. Ta miƙe ta karkaɗe hijabi, ta yi mini murmushin nan na mai son a rabu lafiya, ta nufi wajen murhu. Na tsaya har na ga ta ɗauki muciya, sannan na koma kan garina.

Ba a daɗe ba na ji yaran unguwa sun kaure da ihu daga bakin titi, ihun da duk mai zama garin nan ya sani. "An kawo wuta! An kawo wuta!" Rediyon Malam ya kama magana shi kaɗai a ɗaki. Har na ce alhamdulillahi, don garwar ruwana ta yi zafi kamar an dafa. Na ji firizan Sharifa ya ɗauki gurnaninsa ta bayan katanga.

Sai na ji muryar Humaira, ba da ƙarfi ba. "Inna. Inna, tashi."

Ban bi ta garka ba. Yadda na haye katangar nan da shekaruna, har yau ban sani ba. Sharifa na durƙushe a cikin caɓin da ta jiƙa da hannunta, ƙafa ba takalmi, goshinta jingine da bango. Wayar na cikin tafin hannunta na dama, yatsun sun damƙe ta. Humaira ta miƙa hannu za ta kama kafaɗarta. Na fizgo yarinyar na wurga ta gefe, na ruga na ɗauko taɓarya, na daki wayar. Sau uku na daka kafin ta fita daga hannun. Sharifa ta kife a gefe ɗaya, a hankali, kamar wadda barci ya kwashe.

Na yi ta kiran sunanta. Na yi ta kururuwa har maza suka shigo, Malam a gaba. Aka samo motar wani mai ɗaukar albasa aka sa ta a baya, ni na riƙe kanta a cinyata. Wannan ce fitarta ta farko daga gidan tun ranar da aka fitar da Jelani. A asibiti ba su ɗauki lokaci ba. Ma'aikacin ya duba idonta, ya taɓa wuyanta, ya dubi Malam ya ce sai haƙuri.

Magariba ta riga ta yi, sai aka bar jana'iza zuwa safe. Ni na yi mata wanka, ni da wata dattijuwa. Ba wani rauni a jikinta in ban da layi ɗaya baƙi a tafin hannu, da ƙasa a gwiwoyinta. Ina wanke ƙasar nan ina yi mata faɗa a zuci, faɗa sosai, irin wanda ban taɓa yi mata da rai ba. Na ce ke da kika ce kin aje. Na ce wa kika bar wa yaran. Ina faɗan hawaye na zuba cikin ƙwaryar ruwan.

Hajiya Mubaraka ta iso da sassafe, kukanta ya fi na kowa. Tana ta faɗin ƙaddara ta riga fata, kwana ya ƙare. Na sani. Ni ma musulma ce, na san ba mai wuce ranarsa. Amma da ta zo ta kama hannuna tana cewa mu yi haƙuri, sai na zare hannuna na koma wancan gefen tabarmar. Allah ya yafe mini, ban iya ba.

A cikin ruɗanin nan ba wanda ya tuna ya kira Mode. An dawo daga maƙabarta ke nan sai ga shi a kan babur, da jakar aiki ɗaure a baya. Malam ya ce mini Mode ya tsaya a garka yana kallon tabarmin maza, bai sauka ba, sai da aka je aka gaya masa. Ya sauka ya zauna a ƙasa, aka yi addu'a da shi. Can ya ce wa Malam, abin yana nan haɗe? Malam ya ce yana nan, ba wanda ya yarda ya matsa kusa, wutar kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba tun jiya.

Aka yi sallama aka ce mata su gyara, namiji zai shigo. Gidan cike da dangin Jelani, Hajiya na zaune a tsakiya. Ba wadda ta ce kanzil. Mode ya wuce kansa a ƙasa, mutum ne mai furfura a gemu, ba yadda na tuna shi ba. Ya kwance igiyata, ya taka turmi, ya sa filaya mai hannun roba ya datse wayar sama ya naɗe bakinta. Gurnanin ya tsaya. Aikin duka bai kai a dama fura ba.

Ya zagaya baya, na bi shi, don ni ba mai hana ni. Ya tsuguna ya dubi rodin da sabon gawayin. Ya ɗauki wayar ya juya ta. Bakin da Sharifa ta kankare yana ƙyalli, ja wur.

"Wa yay yi wanga?"

"Jelani."

"Shi kaɗai? Ba wanda yan nuna mai?"

"Shi kaɗai."

Ya girgiza kai. Na zuba masa ido ina jiran dariyar, wallahi da ya yi ta da na kwaɗa masa abin da ke kusa.

"Allah shi jiƙan shi," in ji Mode. "Ya yi tunani. Haka muka yi mu ma, sai dai waya mai kauri muka sawa, mu ɗaure da ƙarhe. Rodin ga shi yat tsare gidan ga shekarun ga duka. Da ba don shi ba da tuni anka yi wanga zama." Ya aje wayar a hankali. "Injin na yal lalace, Inna. Wannan ko ba aikin gida na ba."

Na jingina da bango. Abin da take tsoro ke nan. Abin da ta durƙusa a caɓi don ta tare ke nan, ga shi mutumin na yi wa mijinta addu'a. Na so in ƙwala mata kira ta zo ta ji da kunnenta. Kukan da ban yi a asibiti ba, nan ya zo mini, a bayan ɗaki, gaban baƙon namiji, ban ko rufe fuska ba. Mode ya miƙe ya ba ni baya, ya tsaya yana kallon katanga har na yi shiru.

Kafin ya fita ya ce a kwashe abin da ke ciki, yanzu ba abin tsoro, in an bari zai narke ya yi wari. Aka ɗaga murfin. Cike yake har baki da ƙanƙarar da ta ɗaura jiya da safe, kowace leda da irin ƙullin nan nata mai kunne biyu, sun daskare kamar dutse. Wata ta ce a yi mata sadaka da ita. Aka fitar da rabi garka wurin maza, sauran aka farfasa a manyan robobi aka zuba ruwa. Rana ta take, gidan ba iska, mata suka yi ta miƙo kofuna.

Humaira ce ta kawo mini nawa. Ta durƙusa ta ba ni da hannu biyu yadda uwarta ta koya mata, harshenta bai warke ba, da ƙyar ta ce, "Inna Adama, ga ruwa." Na karɓa. Wani guntun ƙanƙara na yawo a sama yana bugun gefen kofin. Yarinyar ta zauna ta jingina da ni. Na riƙe kofin a cinyata, sanyin na shiga yatsuna, ina kallon guntun yana ƙanƙancewa har ya ɓace.